Na tsine wa matar cikin labari, surukata na zuba min shayi

Abin da zan faɗa ya faru ne shekara biyu bayan rasuwar maigidana, shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta, kafin zuwan cutar nan da ta sa aka rufe masallatai. Ban yi boko ba, ko a allo ban yi nisa ba. Maƙwabciyata malamar firamare ce take rubuta muku wannan, na kuma ce mata kada ta gyara min baki. A lokacin ni ce ake nema in ana biki ko suna a unguwarmu a Kano, don in na ɗauko labari har mai tuƙa tuwo sai ta saki muciya. Na haifi tara, na binne huɗu, duk a ɗaki na haife su, kuma ina ji da hakan kamar wata sarauta.

Ɗana na fari, wanda ko sunansa ba na kamawa, injiniya ne a Dubai. Shi ya aiko min da biza ta wata uku in je in huta, wata takwas bayan an bugo an ce matarsa ta yi ɓarin cikin wata shida. Iyakar abin da aka gaya min ke nan. Na same su a unguwar Al Nahda, hawa na sha ɗaya, gidan da in ka buɗe taga zafi ne ke marinka. Yarinyar ta rame, amma ladabinta na nan. Ba ta gaishe ni a tsaye, kuma kullum da hantsi sai ta zauna a ƙasa ta shafa min man zafi a gwiwa.

Wata rana tana shafawar ta ce, Mama ke da kika san labari, akwai wani da matan da ke taruwa a gidan nan ran Juma'a suke ta faɗa a kai, tana so in saurara in gaya mata yadda na gani. Wata marubuciya ce take sakinsa kashi-kashi a waya, wata kuma tana karantawa da murya saboda irinmu. Labarin wata mata ne mai cikin wata shida da hawan jini ya kama, likitoci suka ce in ba a cire cikin ba ita za ta tafi, ɗan ma ba zai tsaya ba. Ta yarda aka cire. Kwana uku tana kunna min, ba ta ɗago kai. Da aka gama ta tambaye ni a hankali ko matar ta yi laifi. Na ce mata ta bari sai Juma'a. Gani nake amsata ta fi ƙarfin kunne biyu, sai taro.

Ranar Juma'a bayan la'asar matan suka cika mana falo kamar yadda suka saba, matan ma'aikata da 'yan kago masu saro kaya. Nan da nan musu ya tashi. Wata ta ce ta ji daga malamai cewa in ran uwa na cikin haɗari an yi rangwame. Wata hajiya mai harkar kwantena ta ce rangwamen me, bayan wata huɗu an busa rai, khalas, magana ta ƙare. Wata ta ce marubutan yanzu so suke su koya wa 'yan mata hanya. Wata 'yar Zinder ta ce ita dai ta yi kuka har mijinta ya ƙwace wayar. Sai aka juyo gare ni, aka ce to bismillah Hajiya Babba, ke muke jira.

Na gyara zama. Na ce marubuciyar ba ta iya ba, ta tsaya a tsakiyar hanya, bari in ƙarasa mata. Na ɗauki matar nan na bi da ita shekara ashirin ba haihuwa, duk gidan sunan da ta shiga jarirai na tsala kuka. Na kai ta kabari, na tashe ta ranar hisabi, na kawo ɗan a naɗe cikin zane yana tambayarta wane ne ya gaya mata ranta ya fi nasa tsada. Har muryar jaririn na yi musu. Na rufe da cewa mu da muka durƙusa a kan tabarma ba mu san wannan ragwanci ba, kuma duk macen da ta sa hannu aka fitar mata da ɗa mai motsi, Allah ya isa tsakaninta da shi. Wasu suka shiga share ido. Hajiyar kwantena ta ce wallahi bakina ya fi littafin, ashe ta naɗi muryata a waya, nan take ta tura wa ƙungiyarsu ta waya. Duk wannan surukata na durƙushe a gefena tana zuba min shayi, ta cika kofin har ya malala a faranti. Na ce mata ta kula mana, ko ita ma labarin ya tafi da ita. Aka yi dariya.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata nas Kirista 'yar Kafanchan da ke zaune a unguwar Karama, aminiyar surukata. Ranar Lahadi ta zo ta ce in raka ta kanti. A kan wani benci cikin sanyin kantin ta ce, Mama, abin da ya sami surukarki ba ɓari ba ne. Ta ce tana wurin. Kwana uku yarinyar tana roƙon likitoci su jira, ƙafafunta sun kumbura, idonta ya fara daina gani, har jijjiga ta kama ta. Ɗana ya kira malami, ya kira wani, sannan ya sa hannu yana kuka. Namiji ne, an yi masa sutura, yana maƙabartar da ke wajen unguwar Muhaisnah. Ta ce ɗana ɗan fari ne, ba zai iya zama ya yi min zancen cikin matarsa ba, ita kuma suruka ce, ta ina za ta fara. Shi ya sa ta nemo labarin da ya yi kama da nata ta ajiye a gabana, ta ga ko akwai wurin da za ta sa ƙafa.

Ni da na shekara hamsin ina gaya wa amare abin da ba a faɗa ta hanyar tatsuniya, aka yi min irinta ban gane ba. Wannan kuskure ne na farko. Na biyun ya fi muni, don shi da idona biyu na yi. Saura min sati uku in koma Kano, kuma ban ba ta haƙuri ba. Na ce a raina uwar miji ba ta durƙusa wa matar ɗanta. Na shiga kicin na yi mata farfesun kaza, na yi mata dambu, ina jira abinci ya yi magana a madadina. Ta karɓa da hannu biyu, ta gode, ta sa a firji. Ɗana kuwa na tsare shi da faɗa kan me ya sa ya ɓoye min. Ya ce, Hajiya, yanzu ai kin ga dalili. Muryata kuma tana ta yawo, har daga Kano aka turo wa yarinyar ita, wai ta ji surukarta ta burge. Matan da suka zuga ni, da maganar ta fito, kowacce ta ce ita dama tun farko ta ga na wuce gona da iri.

Cikin shekarar kullen cutar surukata ta haifi mace. Da aka buɗe hanya gwaggon mai jegon aka aika wa biza, ba ni ba. Sai a lokacin na sa aka naɗi muryata ina neman gafara. Ta amsa da cewa ba komai Mama, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta faɗa da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo.

Har yau ban ce na san hukuncin wannan abu ba, na bar wa malamai da likitoci. Abin da na sani shi ne, 'yan uwana mata, in aka kawo muku labari aka ce me kuka gani, ku fara duban fuskar wadda ta kawo kafin ku buɗe baki. Ba kowa ke tambaya don nishaɗi ba. Kuma in kun yi ɓarna, ku ba da haƙuri tun kuna ɗaki ɗaya, girma ba ya raguwa kamar yadda na ɗauka.

Cikin waɗanda suka zauna a falon nan, hajiyar kwantena ta rasu a cutar, Allah ya jiƙanta. 'Yar Zinder ta koma gida. Nas ɗin tana nan, ita kaɗai ke kirana ba don dole ba. Ɗana da matarsa suna raye lafiya, duk sallah suna bugowa. Jikata ta fara magana, ana nuna min ita a waya ana cewa ta gaida Hajiya, sai ta ɓoye fuska a zanen uwarta. Ni ma ina nan, ban taɓa ɗaukarta ba.