Littafin Kawu Mai Fensir

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana sayar da ƙusa, kwaɗo, fenti da igiya a wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin katifa. Duk layin Mai Fensir ake ce masa, domin kullum akwai guntun fensir maƙale a kunnensa na dama. Allah bai ba shi haihuwa ba. Daga shi sai matarsa, wadda muke kira Inna, sai shagon da ke ciyar da su.

Mutum ne mai ban haushi, ba zan ɓoye ba. Ko ƙusa uku Inna ta aiko a ba ta don kafa labule, sai ya rubuta, ya zaro kuɗin daga aljihunsa ya jefa a durowa. Albashi yake yanka wa kansa duk ƙarshen wata, kamar wanda aka ɗauka aiki. Dangi suka ce rowa ce. Shi kuwa ya ce shago ba rijiya ba ne, randa ce, abin da ka zuba shi za ka ɗiba.

Yana da wani babban littafi mai baƙin bango. A rabin gaba yake rubuta cinikin yau da kullum, da shuɗin biro. Rabin baya kuwa na tsarin shekara ne, kowane wata da shafinsa: haya, sarin kaya, kuɗin mota, albashinsa, cefanen Inna, sannan abin da zai rage na jari. Wannan da fensir yake yi, akwai ma abin gogewa ɗaure da zare a jikin bangon.

"Abin da ya riga ya faru, biro," in ji shi. "Abin da ke tafe, fensir. Ba kai ke da gobe ba, Dogo."

Dogon ni ne. Ina da shekara arba'in aka sayar da motar da nake tuƙawa, na rasa tudun dafawa, ga mata ga 'ya'ya. Kawu ya ce in zo in zauna tare da shi. Ya sha nuna mini cewa tazarar da ke tsakanin kuɗin sari da kuɗin sayarwa ba riba ba ce, sai an cire haya da mota da albashi. Ni dai ina gyaɗa kai, magana na shiga ta nan tana fita ta can.

A wata na huɗu na shekarar ya rasu, da hantsi, zaune a kujerarsa, ƙusa na kan sikeli bai gama awo ba. Bayan an share makoki Inna ta miƙo mini makulli.

"Ni ban san komai a ciki ba," ta ce. "Abin da ka kawo mini shi zan ci."

Sai na buɗe hannu. Surukina na gyaran ɗaki, na ba shi fenti galan biyu. Aboki ya zo, ga kwaɗo. Kuɗin makarantar yara ya taso, hannu ya shiga durowa, da niyyar zan mayar. Ban rubuta ko ɗaya ba, wai wa zai tuhume ni? Ciniki na tafiya, amma kantoci sai ramewa suke. A wata na takwas dillali ya kawo kaya, na kasa biyan ko rabin abin da Kawu ya saba ɗauka. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya.

Ranar nan da rana tsaka, layin shiru, sai ƙarar agogunan maƙwabcina, na juya littafin zuwa rabin baya. A ƙasan kowane shafi akwai wani layi da ban taɓa lura da shi ba: "Abin da Dogo ya ɗauka." Wata na biyar da adadinsa, na shida, na bakwai. Na zauna na tuno duk abin da na kwasa, na haɗa. Kusan daidai. A wata na shida har ya sa "fenti, galan biyu". A na sha ɗaya kuwa jari ya koma sifili, ya rubuta a gefe, "A mayar da makulli."

Na ce wa kaina ai ya san halina ne, ba wani abu ba. Sai na koma baya ina bin layin albashinsa. Wata na ɗaya, fensir. Na biyu, na uku, fensir. A na huɗu sifili ne guda, zagayayye, da shuɗin biro. A farkon shekara ya cika shafukan nan, ina zaune kusa da shi ina ɓare gyaɗa.

Na kai wa mai agogo ya gani. Ya ɗaga gilashinsa ya duba, ya ce shi dai a iya zamansu bai taɓa ganin Kawu ya yi kuskuren alƙalami ba. Ya koma kan aikinsa.

Abin da ya tsayar da hankalina shi ne, duk abin da ya shafe ni da fensir yake. Na sayar da babur ɗina na zuba a jari. Na yanka wa kaina albashi, ɗan kaɗan. Ko ƙusa ɗaya ba ta fita sai na rubuta. Matata ta ce Mai Fensir bai mutu ba, tsawo kawai ya ƙara. Surukina ya daina amsa gaisuwata. Wata na sha ɗaya ya zo ya wuce shago yana buɗe, na sa abin gogewa na share "A mayar da makulli", ya fita tas. Na gwada a kan sifilin biron, takardar ce ta huje.

Da shekara ta ƙare na zo rubuta sabon tsari, sai na tarar Kawu ya riga ni, ya cika shafukan sabuwar shekarar. Wata na ɗaya, fensir. Na biyu, fensir. Na ɗaga shafi na uku, hasken ƙofa ya ratsa takardar, sai na hango inuwar wani abu shuɗi, zagayayye, daidai layin cefanen Inna. Ban sani ba ko a shafi na gaba yake ko na bayansa. Na rufe littafin, na ɗaure shi da igiyar shago, na rubuta kuɗin igiyar a sabon littafi.

Tun daga ranar na ninka wa Inna kuɗin cefane, kuma da ƙafata nake kai mata kullum, in zauna har ta gaji da ni.

"Kai da kawunka ya ce lissafi ba ya zama a kanka," ta ce jiya tana dariya, "ina ka samo wannan ƙari?"

Na ce riba ce, Inna.

Muna cikin wata na uku yanzu. Jibi zai ƙare.