Larabar Mai Ɗinki

Tun da gobara ta cinye ɗakinsu, 'yar maƙwabta mai shekara uku ta daina magana. Uwarta na asibiti, sai matan layin suka raba kwanakin rainonta. Mai ɗinki, wadda ba ta taɓa goyo ba, ta karɓi ranar Laraba.

Takan zaunar da yarinyar gefen keken ɗinki, ta zube mata ƙyallaye. Ko ashana aka ƙyasta, sai yarinyar ta ƙanƙame ta.

"Yaya, anya za ta warware?" mai ɗinki ta tambayi ungozomar layin.

"Ki dai riƙa yi mata hira."

A Laraba ta biyar yarinyar ta miƙo jan ƙyalle, ta ce, "Riga." Don ɗokin ɗinka mata rigar, sai da mai ɗinki ta auna ta sau uku.