Inna Tasalla da Rumbun da Ba Mu Leƙa Ba

Na Allah muke dukanmu, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Inna Tasalla, wadda ta shekara goma sha tara tana tuƙa tuwon ɗaliban ilimi a Tudun Kanya, ta rasu ranar Laraba da hantsi, ashirin ga watan Sha'aban, shekara ta dubu ɗaya da ɗari biyu da casa'in da bakwai bayan Hijira. Ni Aƙilu mutumin Matazu, ɗaya daga cikin magidanta goma sha bakwai da ke karatun fiƙihu da nahawu a zauren Malam Maharazu, ni Malam ya umarta in rubuta wannan don a karanta ranar sadakar bakwai. Ya ce in sassauta harshe. Na gwada, Allah gafarta Malam, abin ya ƙi.

Inna, ke kin san al'adar, amma bari in faɗa saboda masu zuwa gaisuwa daga Malumfashi da Mahuta. Kowace kaka, kowane gida a garin nan yakan kawo dami ɗaya na dawa ko gero a zuba a babban rumbun da ke cikin gidanki. Shi ake kira rumbun ɗalibai. Duk wanda ya baro gonarsa da iyalinsa ya zo ya durƙusa gaban Malam, daga nan yake ci. Ke ke ɗiba, ke da 'yarki Ladidi ku sussuka ku daka, mu dai akushi muke gani ya fito zaure safe da yamma.

Shekarar da na zo, kurkunu ya kwantar da ni wata biyu, ƙafa ta kumbura suntum, ko masallaci ba na iya zuwa. Ba ki san uwata ba, ba ki san ubana ba, amma kullum sai kin aiko da kunun tsamiya da ruwan zafi na gashi, kina tambaya daga bayan danga ko baƙon Matazu ya taka. Kin san wanda ba ya shan miyar kuka a cikinmu, kin san mai son ƙanzo. Kikan tsokane mu ki ce masu gemu da cikin yara. Ba ki iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma kikan matso da turminki jikin danga don ki ji Malam yana fassara, ki ce naki karatun a tukunya yake.

Yanzu ga abin da ya sa na ƙi sassautawa. Bana da bazara Malam ya tafi da mu ƙasar Zazzau kwafar littattafai, muka yi kwana arba'in. A bayanmu mai gari Buba ya yi baƙi daga birni, mahaya da barorinsu. Rumbunansa shida na tsaye maƙil, bai taɓa ko ɗaya ba. Sai ya sa aka ɗaga jinkar rumbun ɗalibai, aka kwashe shi kakaf cikin kwana tara. Dawar da talaka ya noma don mai neman ilimi, doki ya cinye ta. Kin fito kin yi magana, aka ce ki koma ciki, ba maganar mata ba ce.

Buba, da kai nake. Kai ne mai zama sahun gaba ranar Juma'a, kai ne mai cewa malamai fitilun gari ne in an taru. Tir da wannan aiki! Ku kuma mutanen Tudun Kanya da kuka ɗauki damman nan a kanku kuka kai ƙofar gidansa, kuka tare mu da sannu da zuwa ranar da muka dawo, ba wanda ya buɗe baki, ku ma ba ku fita ba. Wata uku kuna ganin tsohuwar nan tana ramewa, kuna cewa tsufa ne.

Mu ma ba mu fita ba, kuma namu ya fi ci mini rai. Mun dawo mun tarar da akushi yana fitowa kamar kullum, muka ci muka lashe hannu. A wurinmu abin kunya ne baƙo ya leƙa rumbun mai masaukinsa, abin kunya ne namiji ya tambayi mai girki me ta ci. Muna ta tattauna hukuncin ciyar da mabuƙaci a zaure, danga ɗaya ce tsakaninmu da ke. Sai da aka kai ki makwanci Ladidi ta gaya mana komai. Kin fara da hatsin da kika ajiye na kanki. Da ya ƙare kika ba da awakinki huɗu aka musanya da dawa a ƙauyuka. Da damina ta yi nisa, abin da aka samo ba ya isar baki goma sha tara, mu da ke da Ladidi, sai kika cire naki, kika koma dusa da ganyen tafasa. Kin rantsar da Ladidi kada ta faɗa, domin kin san in Malam ya ji zai sallame mu, zauren ya mutu.

Ni da bakina, makonni uku da suka wuce, na miƙa akushi ta kan danga na ce cikin raha, “Inna, tuwon nan fa ya kusa zama kunu.” Kika yi dariya kika ce, “Gobe za ka ga gyara, ɗan Matazu.” Washegari tuwo ya zo da tauri, na ci na yaba. Ladidi ta ce daga ranar ko ƙanzon tukunya ba ki ƙara ajiye wa kanki ba. Da zazzaɓin damina ya zo, bai sami jikin da zai yi kokawa da shi ba, kwana uku ya yi. Kaicona, Inna.

Bayan jana'iza na jingina tsani na hau rumbun, karo na farko cikin shekara shida. Ba komai a ciki sai ƙwarya ɗaya ta gero an rufe da faifai. Ladidi ta ce na sahur ɗinmu ne na ranar farko ta azumi, kin hana a taɓa.

Jiya mai gari ya aiko da rago na sadaka. Mun mayar masa da abinsa. Ba nama muke nema ba, rumbu muke so a cika kafin a ga wata, in ba haka ba Malam ya ce kowa ya naɗe buzunsa ya koma garinsu, abin da kika mutu kina karewa ya watse. Tsanin nan kuwa mun bar shi a jingine, ba mai ɗauke shi. Daga yau kowace Juma'a ɗalibi zai hau ya leƙa, ya sauko ya faɗa a ƙofar masallaci inda hatsi ya tsaya, mai gari na zaune yana ji. In wannan rashin kunya ne, mun yarda a kira mu marasa kunya.

Ina miƙa ta'aziyya ga Ladidi, da Malam Maharazu, da 'yan'uwana ɗalibai na yanzu da waɗanda suka ci tuwonki suka zama limamai da alƙalai a garuruwa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya yi hukunci tsakaninki da wanda ya zalunce ki. Allah Ya jiƙan ki, Inna Tasalla, Ya yalwata kabarinki, Ya sa duk harafin da muka koya ya hau mizaninki. Ya yafe mana mu da muka ƙoshi ba mu tambaya ba. Ya ciyar da ke a Aljanna, a akushin da ba sai kin jira kowa ya gama ba. Amin.