Allon da Na Wanke

Mahaifina mai zayyana ne. Duk wanda ya sauke Alƙur'ani a ƙauyukanmu na wajen Gezawa, wurinsa ake kawo allon ya ƙawata shi, ya zagaye ayoyin da zane. Kayan aikinsa ba su wuce alƙalamin gamba da tawada kala uku ba: baƙa daga gawayi da ƙaro, ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau. A gabansa na koya, amma tun ina saurayi nake raina launukan nan. Gani nake sun dushe.

Wata shekara bayan girbi na kora jakuna da itace zuwa birni, in dawo da taki kamar kowa. A kasuwa na ga garin launi da Larabawa ke kawowa ta hamada, kore da ja masu ɗaukar ido. Komawar da na yi ta gaba, da ragona na tafi, na sayar da shi, na dawo da ƙullin garin a aljihu.

Baba ya murza shi a yatsa, ya kai dab da ido, don lokacin ganinsa ya fara tafiya.

"Yana da kyau," in ji shi. "Hannun fa? Shi ma Larabawan suna sayarwa?"

Na ce, "Baba, kai dai tsufa ne ya zo."

Ya yi dariya. "Wannan ko ba ka je birni ba ka sani."

Ba a jima ba 'yata ta fari ta sauke. Baba ya ce shi zai yi allonta. Ya daɗe a kansa a gindin kuka, hancinsa kamar zai taɓa katakon. Da ya gama ya ba ni ajiya. Na duba na ga layi ya karkace nan da can, launi ba haske. Na tuna baƙin da za su zo. Sai na wanke allon, na zuba ruwan inda ba a takawa, na sake zanawa da garina.

Ranar walima aka yi ta yabo, kuma launin ya cancanta. Allon ya bi hannu-hannu har ya iso ga Baba. Na manta shi mai yawan ƙaro ne a tawada, layinsa tashi yake, ana jin sa a yatsa. Nawa sumul. Ya shafa, ya sake shafawa.

'Yata ta durƙusa ta ce, "Kaka, ka ji yadda ake yabon aikinka?"

"Na ji, amarya," ya ce, yadda ya saba tsokanarta. "Allah ya sa albarka."

Bai nemi inda nake ba. Bai sake riƙe alƙalami ba kuma, kafin ƙarshen damina ya rasu.

Allon yana rataye a ɗakin 'yata har yau. Koren bai dushe ba, kusurwar zanen da ban taɓa iya haɗawa ba ma tana nan a buɗe, launin ya ƙara fito da ita. 'Yata tana nuna wa 'ya'yanta tana cewa aikin Kaka ne na ƙarshe, ni kuma na kasa gaya mata gaskiya. Nakan zauna in nemi tuna yadda nasa zanen yake, ba ya zuwa. Sau ɗaya na kalle shi, kuma aibu nake nema.