Tsagar da Farce Bai Ji Ba

Ana sallame sallar asuba Na'Allah ya ɗauki tsintsiya ya share gindin dogon yaron da ke bakin tashar Tambuwal, gefen rumfarmu ta masu faci. Ya shimfiɗa buhu ya jera kayan aikinsa a kai: sirinji biyu, reza, allura, salatif, da 'yan kwalaben ruwan gam da ba su fi ɗan yatsa ba. Sana'arsa gyaran tsagar gilashin mota, ta sassafe ce. Gilashin mota ba ya karɓar magani in ya ɗauki zafi, gam ɗin kuma rana ce ke daskarar da shi, don haka a inuwa ake ɗura shi, sai ya gama shiga a tura motar cikin rana. Wanda ya zo bayan hantsi sai dai ya dawo gobe.

Mutumin Fakku ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan mota tsakanin Tambuwal da Kebbe, har bayansa ya ƙi zaman kujera. A shekarar da ya ajiye tuƙi matarsa Batula ta rasu. 'Yarsu ɗaya ce, Najiba, tana aure a Kebbe. Abin da ya rage masa ɗaki ɗaya ne a bayan tasha, da tabarma, da buta.

Mijin Najiba ne ya fara kawo masa kwalin kayan gyaran gilashi daga Sakkwato, irin wanda ake yi don mai mota ya gyara abinsa da kansa a gida. Takardar ciki da Turanci take, shi kuwa bai yi boko ba, sai ya bi hotunan. Ya jawo wani tsohon gilashi daga bayan gareji, ya riƙa buga masa ƙusa yana gyarawa. Kwali uku ya ɓata kafin ya yarda ya taɓa motar wani.

Aiki bai taɓa yanke masa ba, domin hanyar Kebbe ba ta rabo da tifa, tifa kuma ba ta rabo da tsakuwa. Dutse kamar ƙwayar wake zai tashi ya daki gilashi, ya bar ɗan rami da ƙafafu irin na gizo-gizo. Wani direban ya liƙa sitika mai addu'a a kai, wani ya ɗiga gam ɗin takalmi, wani ya bari sai ranar da ya watsa wa motar ruwan rijiya da tsakar rana tsagar ta tafi daga wannan gefe zuwa wancan. Na'Allah ba ya wa'azi. Magana ɗaya gare shi: in ka ji dutse, rufe da salatif, ka zo da safe.

Yana da ƙa'ida guda. Kafin ya taɓa gilashi sai ya shiga motar ya zauna, ya kalli ramin daga ciki ta wajen haske, ya ƙirga ƙafafun. In akwai wadda ta wuce tsawon yatsa ba ya sa hannu, ko uban wa ya kawo motar. In ba ta wuce ba, ya sakace ramin da allura, ya manna robar da ke riƙe sirinji a bakin ramin, ya ɗiga gam, ya ja sirinji ya zuƙe iskar ciki, sannan ya danna a hankali. Daga nan sai jira. Rabin sa'a gam ke yi yana bin ƙafafun, direba kuwa ba shi da inda za shi, dole ya tsaya. A nan Na'Allah ke jin wanda ya yi aure a Jabo, da kuɗin buhun gero, da gadar da ruwa ya ci. Rabin sa'ar nan ita ce hirarsa ta yini. In motar ta tashi, sai ya koma kan buhunsa ya zauna har azahar, ba mai ce masa komai ban da sannu.

Yanar ido ta fara masa a na hagu, bai gaya wa kowa ba. Najiba ce ta gane, ranar da ta zo gaishe shi da Sallah ta ga ya zuba fura a gefen ƙwarya. Tun daga nan kowace Juma'a sai ta kira.

"Baba, ka taho Kebbe a kai ka a duba idon nan."

"In zauna gidan suruki, ana miƙo mani tuwo ta bayan zana? Ina da aikina."

"To aikin da wane ido?"

"Gaida yara," in ji shi, ya kashe wayar.

Da idon dama ya fara bin sahu, sai ya koma ƙirga da farce. Yakan shiga motar ya zauna kamar da, don kada a gane, amma abin da yake gani hazo ne da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Ya fito ya bi gilashin da farcen babban yatsa, inda ya ji ya kama ya ce ƙafa ce. Wata biyar yana haka, Allah yana rufa asiri.

Ranar wata Talata cikin bazara Ɗanmaliki ya shigo da motarsa tun duku-duku. Taubashin Na'Allah ne, tare suka koyi tuƙi, kuma bai taɓa ganinsa bai tsokane shi ba.

"Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Kai nika jira, in kai ka in dawo. Mi ya samu amaryar taka?"

"Tifa munka gamu da ita jiya da la'asar. Sati biyu da sa gilashin ga, ko ledar kusurwa ban ciro ba."

"Ka sa salatif?"

"Awo. Kai da ka ishe mu da salatif kamar mai ba da maganin basir."

Na'Allah ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya kalli inda ramin yake. Hazo. Ya fito ya ɓare salatif, ya bi da farce. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk gajeru. Ya sake bi, huɗu dai. Amma ya san abin da kowane mai wannan aiki ya sani: akwai ƙafar da ke tafiya a cikin naman gilashi ba ta fito sama ba, farce ba ya jin ta, ido kaɗai ke kama ta. Ɗanmaliki na tsaye a kansa da idanu biyu lafiyayyu. Kalma uku ce, duba mani nan. Ta zo masa har baki. Sai ya tuna in ya faɗe ta, kafin azahar tasha duka ta ji, gobe kuma ba wanda zai tsaya a gindin bishiyar nan na rabin sa'a.

"Ƙafa fuɗu ta," ya ce. "Ja baya ka ba ni haske."

Ya manna robar, ya ɗiga gam, ya zuƙe iska. Ɗanmaliki yana ba shi labarin wani fasinja da ya sa akuya a cinya tun daga Kebbe. Na'Allah ya ɗora babban yatsa a kan sirinji ya danna. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba. Labarin akuya ya tsaya a tsakiya.

Akwai ta biyar, doguwa, kwance ta wajen direba. Da gam ya matsa mata sai ta miƙe, kamu guda cikin ƙiftawar ido, daidai inda mai tuƙi ke kallon hanya.

Mutane sun fara matsowa. Ɗanmaliki ya dubi gilashin, ya dubi Na'Allah, ya share zufa da hula.

"Gilashin zamani na," ya ce wa jama'a. "Kamar ƙwai anka yi su. Ko tari ka yi kusa sai su tsage."

Wasu suka yi dariya, suka fara komawa. Da Na'Allah ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan.

"Ba laifin gilashi ba na," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Ƙafa biyat ta, ni fuɗu na ƙirga. Ban gan ta ba. Idona ya tafi tun bara."

"Kai tsoho, wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa."

Ya cire robar, ya goge gam ɗin da ya zubo da tsumma, ya kankare sauran da reza har wurin ya yi tas, kamar aikin ya yi kyau.

Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya sake kawo mota. Direbobin sukan ɗaga masa hannu daga nesa, da ladabi fiye da da. Kwana tara yana share gindin bishiyar yana jera kaya. A rana ta shida wani baƙo mai motar gida, wanda bai ji labari ba, ya tsaya. Na'Allah ya shafa ramin, ya yanko salatif ya rufe masa, ya ce ya wuce Sakkwato, kada ya wanke motar da rana. Mutumin bai yi minti biyu ba.

Da Juma'a ta zagayo Najiba ta kira, bai bari ta gama gaisuwa ba.

"Ki gaya ma mai gidanki ina nan tafe. Ba zama za ni yi ba. A duba idon in dawo."

"To, Baba. Ɗakin zaure na nan a share."

Asabar da safe ya fito da 'yar jaka. Motar Ɗanmaliki ce ke kan layi, da tsagarta, domin bai samu canja gilashin ba. Ya buɗe masa gidan gaba.

"Shiga, suruki mai cin tuwon zaure."

Na'Allah bai shiga ba. Ya zaro alƙalamin da ake rubuta suna a jikin buhu, ya miƙa wa Ɗanmaliki hannunsa na hagu.

"Ɗora mani yatsa inda ta tsaya."

Ɗanmaliki ya kama yatsan ya kai shi ƙarshen tsagar. Abu na ƙarshe da na ga Na'Allah ya yi ke nan: ya ja ɗan layi baƙi a gefen yatsansa, ya ce in ta wuce nan kada ya ƙara ɗaukar mutane da ita. Sannan ya shiga, ya ɗora jakar a cinya, ya jawo ƙofa.