Takardar da Na Ninke Na Sa a Aljihu

A Makera aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗaki tara da rijiya ɗaya a tsakar gida. Mahaifina yana aiki a masaƙa a Kakuri, mahaifiyata tana ɗinki, amma wadda ta fi ɗawainiya da ni da ƙanwata Zainab ita ce kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya. Ni kuwa “maigidana” take ce mini, irin wasan kaka da jika.

Iya tana soya ƙosai a ƙofar gida da yamma. Da an idar da sallar magariba ƙullu ya ƙare, sai ta sauke kasko ta bar garwashi, mu kewaye murhun, mu da Ladi da Bitrus, ’ya’yan maƙwabciyarmu mutuniyar Kafanchan. Sai ta raba mana ɓurɓushin ƙosai a tafin hannu, ta gyara zama, ta ce, “To, ga ta nan ta iso bakin ƙofa.” Mu ce, “Ta shigo mu ji ta.”

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta tsuntsun ƙarfe. Wai a wani gari na bakin kogi, wani maƙeri ya ƙera tsuntsu ya ɗora shi a ƙololuwar bishiyar rimi. Idan aka yi ruwa can nesa inda kogin ya taso, tsuntsun yakan hango, ya yi kuka, mutane su kwashe hatsinsu zuwa tudu. A garin akwai wani tsohon masunci da ya shekara arba’in a kan ruwa. Wata rana sama garau, ba ko hadari, tsuntsu ya yi kuka. Kowa ya hau kwashe kaya. Masunci ya dubi sama ya ce, “Ƙarfe ne zai koya mini ruwa?” Ya koma ya ci gaba da ɗinkin komarsa. Kafin la’asar kogi ya cika ya tumbatsa, ya tafi da rumbunsa da kwalekwalensa. Shi kansa a kan reshe aka same shi.

Muka yi ta dariya. Na ce, “Wawa ne.”

Iya ta ce, “A’a, maigidana, ba wawa ba ne. Duk garin ba wanda ya kai shi sanin ruwa. Tsuntsun dai ya fi shi tsawon wurin zama, yana ganin abin da shi ba ya gani. Da ya haɗa saninsa da kukan tsuntsu, da bai yi asara ba.”

Na girma, na zama malamin makarantar sakandare a wajen Kudenda. Lokacin da ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayoyin mutane, ina cikin waɗanda suka tsane ta. Ina da dalili: ɗalibai suna kawo mini aikin gida tsaf, in na tambaye su layi ɗaya su kasa bayani. Daga nan na yanke mata hukunci gaba ɗaya, cewa kayan lalaci ne da ƙarya. A ofishin malamai har an san ni da wannan magana, ni kuma ina jin daɗin hakan.

Iya ta tsufa, ciwon suga ya kama ta. Wata Asabar aka yi gwajin ido kyauta a wani ƙaramin asibiti a unguwarmu, na kai ta. Wata nas ta ɗauki hoton cikin idanunta da wata ’yar na’ura, ba a jima ba ta miƙo mini takarda. Ta ce, “Malam, akwai alamar sugan ya fara taɓa jijiyoyin idonta. Ku kai ta wajen likitan ido cikin watan nan, kada ku yi jinkiri.”

Na ce, “Wane likita ne ya duba hoton?”

Ta ce, “Na’urar ce ta karanta, an koya mata gane irin wannan tun kafin mutum ya ji a jikinsa. Shi ya sa muke tura ku wajen likita ya tabbatar.”

Na yi murmushi, na ninke takardar na sa a aljihu. Matar da da safiyar nan na ga ta zura zare a allura, ita ce na’ura za ta ce tana da ciwon ido? A cikin keke mai ƙafa uku muna komawa gida Iya ta tambaye ni abin da aka ce. Na ce mata, “Ba komai, Iya. Idonki lafiya lau.”

Bayan shekara ɗaya da ’yan watanni, na miƙa mata kofin ruwa, ta kai hannu gefe ta kama iska. Ashe ta daɗe tana ganin duhu-duhu, ta yi shiru don kada ta dame mu. Likitan da muka je wurinsa ya duba ta, ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma haske da inuwa kawai zai riƙa rarrabewa. Ya tambaya ko an taɓa gwada ta a baya, domin da an zo da wuri akwai abin da za a iya yi. Na ce ban tuna ba.

Zainab ce ta saka mata wata manhaja a waya, wadda in an nuna mata abu take faɗin ko mene ne. Na yi zaton Iya za ta ƙi. Cikin mako guda ta iya. Tana ɗaga kwalbar magani wayar ta gaya mata na safe ne ko na yamma, tana shimfiɗa zani ta ji launinsa. Har gyara wa wayar Hausa take yi, tana dariya. Ta daina jiran wani kafin ta sha magani, ta koma zaɓar kayan da za ta sa da kanta. Ni kuwa duk sanda na ji muryar nan daga ɗakinta sai in tuna takardar da na ninke. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta karɓi abin da hannu biyu, ni mai takardar digiri na tsaya kare girman kaina. Shi masuncin nan rumbunsa ya rasa. Ni abin da na yi asara ba nawa ba ne.

Na ɗauki watanni kafin na iya faɗa. Wata ranar Juma’a bayan an sauko masallaci na same ta ita kaɗai, na durƙusa na gaya mata komai: nas ɗin, da takardar, da ƙaryar da na yi mata a cikin keke.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Na ji abin da yarinyar ta ce maka ranar. Kunnena ai lafiyarsa ƙalau. Sai na ce maigidana ya yi karatu, ya fi ni sani.”

Na kasa ɗaga kai. Na ce, “Ki yafe mini, Iya.”

“Na yafe. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa. Amma kai ma ka san ba a nan maganar ta ƙare ba.” Ta laluba ta kamo hannuna. “Babanku ma yana da sugan nan, kuma ya fi ka taurin kai. An taɓa duba idonsa?”

Na ce ba a taɓa ba.

Ta sake ni ta ce, “To, tashi ka je ka gaya masa. Litinin da safe, ni ma da ni za a je.”