Ni Na Kai Habibu Gidan Mari

A watan nan ƙanena Habibu ya cika shekara goma sha biyu a kabari. Ban taɓa ɗaukar alƙalami a kansa ba, bana kuwa dole ce ta sa. 'Yarsa Sadiya, wadda nake riƙo tun rasuwarsa, ta samu manemi, dangin yaron suka shiga bincike kamar yadda aka saba. A Ɗorayi, unguwar da ya zauna, aka gaya musu ubanta ɗan ƙwaya ne, har gidan mari ya zauna. Tun daga nan ƙafarsu ta ɗauke daga gidana. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Habibu yana aiki ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa, a kan injin da ke niƙa tsofaffin bokitai da kujeru. Ni kuma ina shugabancin leburori a wani kamfanin fata a Chalawa, na saba da tsawa, na kuma ɗauka babu abin da ban sani ba game da ɗan aiki. Da farko yawan ƙifta ido ya kama shi, muna ta yi masa tsiya. Daga baya sai idanun su damƙe da kansu, musamman cikin rana, har sai ya sa yatsa ya ɗaga fatar. Ya same ni ya gaya mini. Na ce na san abin da ke sa samari gyangyaɗi a bakin inji, ya daina sha kawai. Ya rantse, na ce duk mashayi ma haka yake rantsuwa.

Wata Laraba da hantsi idanun suka rufe yana tura roba. Injin ya kama hannunsa na dama, ya cinye yatsu uku kafin a kai ga kashe wuta. Abokan aikinsa sun ce da buhu aka naɗe hannun, jini na tsiyaya har bakin get. Manaja ya ce barci yake yi. Da na isa asibiti na tarar da shi kwance, ido a rufe, bandeji ya jiƙe jawur. Ban yi masa sannu ba. Mari na kwaɗa masa, har wata ma'aikaciyar jinya ta tura ni waje.

Da ciwon ya bushe, na kirawo ƙarti biyu muka ɗaure shi da igiya a tsakar gida, Sadiya na kallo. Muka kai shi wani gidan mari a bayan gari, inda ake sa wa kangararru sarƙa a ƙafa. Dokar gidan ita ce in ana yi maka magana ka ɗago ka dubi mai magana. Habibu ba ya iyawa, sai bulala. Suna ƙara dukansa, idon na ƙara damƙewa, su kuma suna cewa taurin kai ne. Da na je duba shi, bayansa duk ya farfashe, ƙuda na bin idon sawunsa.

"Yaya, wallahi ina jin ku," in ji shi. "Idon ne ya ƙi."

Na juya na ce da mai gidan, "Ku ƙara masa."

Wata huɗu ya yi. Gyambon sarƙa ya ruɓe, zazzaɓi ya shige shi, suka aiko in zo in ɗauki kayana. Kwanansa tara a gida ya cika.

Bara na raka surukata asibiti, ɓarin jikinta ya shanye, hannun ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. A kan benci na ga wata mata ta sa yatsa biyu tana riƙe da fatar idonta. Haka Habibu yake yi. Da muka shiga na tambayi likita abin da ke damun idon matar. Ta ce ciwo ne sananne, naman da ke zagaye da ido ne yake matsewa ba da son mai shi ba, tashin hankali kuma ƙara shi yake yi. Maganinsa allurar nan ce da masu hali ke yi a goshi don goge tamoji. Aikinta sassauta naman da ya ɗaure, shi ya sa ake yin ta ga hannu irin na surukata, da wuyan da ya karkace, har da masu ciwon ɓarin kai mai naci. Ba ta warkarwa har abada, bayan 'yan watanni sai a sake, amma mutum zai buɗe ido ya koma aikinsa. Na ce tun yaushe aka san haka. Ta ce tun da daɗewa.

Da Habibu na nan, na san dariya zai yi, ya ce ashe shi da matan manya layi ɗaya suke bi. Haka yake, ko a bakin ciki sai ya samo abin zolaya. Ba na cewa lallai da mun samu allurar a Kano a wancan lokacin. Abin da ke cina shi ne ko sau ɗaya ban kai idon nan gaban likita ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya wuce rashin sani, ya gaya mini na ƙi ji.

Na zaunar da Sadiya na faɗa mata duk wannan kafin in rubuta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ita dama ba ta taɓa yarda ba, don ta sha riƙe masa fatar ido da safe ya karanta Alƙur'ani.

Habibu bai bar gida ko fili ba. Ya bar 'ya mai hankali irin nasa, da suna mai kyau wanda ni na ɓata. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa wuyar da ya sha ta zama kaffara. Ku kuma masu neman auren Sadiya, bincikenku ya gano aibu a gidanmu, amma a jikina yake, kuma ni ne waliyyinta. In kun ga ba za ku karɓi aure daga hannun da ya ɗaure ubanta ba, ku dawo, zan matsa gefe wani ya ba ku.